Ryzen 5 5600G ko Core i5-12400F: wacce takarda za ka biya?

Ƙanina mai tambaya daga wani ƙauye a yankin Ringim, sannu da ƙoƙari. Ga waɗanda tambayar ta wuce su: yana so ya haɗa kwamfutar tebur ta farko da hannunsa, don shagonsa na buga katin biki, gyaran hoton fasfo da cike fom a intanet, kuma da sola yake aiki. Ya shiga Kano, 'yan kasuwa biyu sun rubuta masa takarda biyu. Ta farko: firosesa (mai yin lissafin kwamfuta) Ryzen 5 5600G, madabod (allon da ake jona dukkan kayan a kai) B450, ram (ma'ajin wucin gadi na aikin da ake yi) irin DDR4 mai 16GB guda ɗaya. Ta biyu: firosesa Core i5-12400F, madabod H610 mai cin DDR4, da ram DDR5 mai 16GB.

Riƙe kuɗinka tukuna. Kowacce na da gyara, ta biyun kuwa ko an haɗa ta ba za ta tashi ba.

Firosesa da madabod kamar ƙwarya ne da faifanta, sai bakin ya zo daidai. Gurbin da firosesa ke zama shi ake kira soket. 5600G na AMD ne, soket ɗinsa AM4, kuma B450 ma AM4 ce. 12400F na Intel ne, nasa LGA1700, H610 ma haka. To a nan duka biyun ba su yi kuskure ba. Matsalar tana gaba.

Mu fara da ta Intel, tunda ita ce mai ciwo biyu. Madabod ɗin LGA1700 iri biyu ake yin su, mai DDR4 da mai DDR5, kuma kowacce nata kawai take ci. DDR4 da DDR5 tsawonsu ɗaya, a ido kamar tagwaye, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Ba zai shiga ba, in ka danna da ƙarfi ka yi asarar biyu. Ciwo na biyu shi ne harafin F ɗin nan da ke ƙarshen suna. A wurin Intel, F na nufin firosesan ba shi da sashen nuna hoto. Za ka kunna, fanka ta juya, allo ya zauna baƙi ƙirin, ko da madabod na da ramin HDMI, na jona allo, a bayanta. Sai ka sayi katin garafik, mai fitar da hoto, daban, wanda ba a rubuta shi a takardar ba, ga kuɗi ga shan wuta. Wanda ba shi da F, wato i5-12400 zalla, yana da sashen hoto mai suna UHD 730 a cikinsa, shi zai nuna hoto.

AMD kuma ta juya abin: a jerin Ryzen 5000 na tebur, mai harafin G ne ke da hoto. In wani ya ce maka 5600 ko 5600X ya fi, ka karɓa a madadin 5600G, ka faɗa ramin da ka guje wa. Gyaran takarda ta farko shi ne BIOS, ƙaramar manhajar da ke cikin madabod wadda ke gane firosesa. B450 ta fito a 2018, 5600G sai 2021. Madabod ɗin da ta daɗe a kwali, ko 'yar gwanjo, tana iya zuwa da tsohon BIOS da bai san shi ba. Wasu suna da maɓallin sabuntawa da filashi ba tare da firosesa ba, wasu sai an sa tsohon firosesa tukuna. Wannan aikin a shago za a yi maka shi, a gabanka. A ƙauye ina za ka ari tsohon Ryzen?

Ƙarfi fa? Duka biyun ƙwaƙwalwa shida ne, layin aiki 12. Na Intel, wanda ya fito farkon 2022, ya ɗan fi sauri a aiki ɗaya-ɗaya, gaskiya kenan. Amma sashen hoton 5600G ya fi UHD 730 ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma a CorelDRAW da Photoshop irin na katin biki ba za ka ji bambancin saurin ba. Wajen ƙarin gaba, LGA1700 na karɓar firosesan Intel zubi na 12, 13 da 14, AM4 kuwa a jerin 5000 ta tsaya, magajiyarta AM5 DDR5 kawai take ci. Ni dai ban cika ba wannan nauyi ba. A cikin waɗanda na haɗa wa kwamfutar shago, da wuya ka ga wanda ya dawo canza firosesa; ram da ma'aji ake ƙarawa.

Ram ɗin takarda ta farko ma a canza shi. Maimakon 16GB guda ɗaya, karɓi 8GB guda biyu iri ɗaya. Firosesa mai hoto a ciki daga ram yake aron wuri, in sanda biyu ne hanya biyu yake bi, kuma 5600G na jin daɗin haka sosai. Ka lura kada a ba ka gajeren ram na laftof.

Yanzu abin da takardun biyu suka yi shiru a kansa, wanda a wurinka ya fi komai: wuta. An rubuta wa firosesan biyu wat 65, sai dai na Intel yana iya haurawa 117 in aiki ya yi nauyi. Ba tare da katin garafik ba, batirinka zai fi daɗewa. Da kati kuwa lissafin ya canza. Fawa-fak, mai raba wa kayan kwamfuta wuta, mai wat 450 zuwa 550 ya ishe ka har da rara, amma ya zama na kamfani sananne mai tambarin 80 Plus Bronze. Kada ka yarda da wanda ake bayarwa kyauta a cikin akwati, mara nauyi kamar gwangwanin madara. Na taɓa yin wannan arahar a kwamfutar wani ɗan'uwa, ba ta yi wata uku ba fawa-fak ɗin ya ƙone ya tafi da madabod. Sannan duba inbatarka: in ba mai ba da tsaftatacciyar wuta ba ce, wadda ake rubuta wa pure sine wave a jiki, fawa-fak na zamani na iya yin ƙara ko ya riƙa ɗaukewa.

Sauran ba su da wuya. Ma'ajin fayiloli, SSD irin NVMe mai 512GB, in madabod na da gurbinsa, wanda ake kira M.2. Akwati, in madabod micro-ATX ce, wato ƙarama, kusan kowanne zai ɗauke ta, amma nemi mai raga a gaba saboda ƙurar hunturu, kuma a ɗora shi kan tebur, ban da ƙasa. Fankar da ke zuwa cikin kwalin firosesa ta isa, sai dai in ba a kwali aka sayar maka ba, sai ka saya daban mai dacewa da soket ɗin, don zafin Afrilu ba ya wasa. In allonka tsoho ne mai ramin waya na VGA kaɗai, leƙa bayan madabod ka ga ko tana da ramin.

Wajen haɗawa, ƙafafun AM4, wato 'yan siraran ƙarafan da ke haɗa firosesa da madabod, a jikin firosesa suke, na LGA1700 a cikin soket. Duk wanda ka zaɓa, haska fitilar waya ka duba su kafin ka biya, don in sun lanƙwashe bayan ka bar shago cewa za a yi kai ne.

Da ni ne kai, ta farko zan ɗauka: 5600G, B450 da aka sabunta ko B550 in farashin bai yi nisa ba, 8GB biyu, da fawa-fak na kirki. In mai ta biyu ya yarda ya cire F ɗin ya kawo DDR4, kuma kuɗin ya zo ɗaya, ita ma ba laifi. Ko wacce ce, sa a jona madabod, firosesa da ram a kan teburin mai shago, ka ga hoto ya fito a allo, a rubuta maka rasit da sunan kowane kaya, sannan ka nufi tasha.