Kafin ka tura kuɗin tikitin ƙwallo, duba hannun wa zai faɗa

Jiya da daddare a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura wani ƙanen abokina ya miƙo min wayarsa, wai yaya duba min wannan, akwai wani a gurup ɗin WhatsApp yana sayar da tikitin wasan Super Eagles a rabin kuɗi, ka tura ta tiransifa shi kuma ya turo ma hoton tikitin. Nace masa kar ka kuskura. Ni da bakina na ɗanɗana wannan abun shi yasa nake rubutun nan.

Mu nan Katsina mun saba da abu mai sauƙi, in Katsina United na da wasa a filin Muhammadu Dikko, wanda har yau da yawanmu Karkanda muke ce masa, sai ka tafi da kuɗinka a aljihu ka yanki tikiti a bakin ƙofa ka shige. Matsalarsa turmutsitsi ne in babban wasa ne kamar ranar da Kano Pillars suka zo, da kuma masu zare waya a cikin cunkoso. Amma dai kana ganin wanda ka ba kuɗin, takardar kuma tana hannunka. Wasan gida in ana yanka a ƙofa, wallahi ka je da wuri kawai ka huta.

Wahalar tana farawa ne in ka ɗaga ido zuwa manyan wasanni, Uyo ko Abuja ko ƙasar waje, inda sau da yawa sayar da tikiti ya koma intanet. Shafin masu shirya gasar, wato na hukumar ƙwallon Afirka CAF ko ta duniya FIFA ko na kulob ɗin da kansa, shi ne hanyar da nafi yarda da ita duk da ita ce mafi cin rai. Za ka buɗe akawun da imel, ranar da aka saki tikiti a jefa ka layi kana kallon lamba tana raguwa a hankali, in layi ya zo kanka a baka 'yan mintuna ka zaɓi kujera ka biya, to a nan ne sabis zai ɗauke ko lambar OTP da banki ke turowa ta ƙi shigowa sai bayan lokaci ya cika, ka koma ƙarshen layi kamar baka taɓa tsayawa ba. Ga kuma maganar kati. Tun 2022 bankuna da yawa suka rufe biyan kuɗi na ƙasar waje da katin naira, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa, shi ma da iyakar abinda zaka iya kashewa, don haka ka je bankinka ka tambaya tun kafin ranar, ko ka tanadi katin dala ka gwada shi da ƙaramin sayayya. Kar ka bari sai kana cikin layi sannan ka gano katinka baya tafiya.

Sannan a wasu manyan gasanni tikiti kaɗai baya shigar da kai. A gasar duniya ta Katar a 2022 sai da katin Hayya, wato shaidar ɗan kallo, a gasar Afirka ta Maroko da aka fara 21 ga Disamba 2025 kuma sai ka yi rajista a manhajar Yalla da fasfo ɗinka ka samu shaidar ɗan kallo kafin ka iya sayen tikitin. Ma'ana an ɗaure tikitin da sunanka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ma cewa mai turo hoto a WhatsApp ba abinda yake sayar ma.

Nawa labarin, mu uku muka tashi daga Katsina tun asuba zuwa wani wasan Super Eagles, mun biya wani da aka ce mana yana da hanya, ya turo mana hoton lambar QR, wato zanen tikitin da na'ura ke karantawa a ƙofa, kowa da nasa, har da sunayenmu a sama. Muka sha tafiya, muka kama ɗaki, da yamma muka bi layi. Mai duba tikiti ya ɗora na'urarsa kan wayata ta yi ja, ya sake ta sake yin ja, yace malam an riga an shiga da wannan. Na koma gefe na kira mutumin, waya a kashe, na duba WhatsApp hotonsa ya ɓace. Muna tsaye a waje muna jin ihun mutane daga ciki, ɗaya daga cikinmu ya sayar da tunkiya ne ya yi kuɗin tafiyar nan, har muka dawo gida bai ce uffan ba a mota. Hoto ɗaya ana iya tura wa mutum ashirin, wanda ya riga isa ƙofa shi ya ci.

Akwai kuma shafukan 'yan kayi-nayi, waɗanda ke sayar da tikitin da wasu suka saya. Su ba kamar ɗan WhatsApp bane, wasu na alƙawarin maido kuɗi in tikitin bai yi aiki ba, amma farashin da ka gani da farko ba shi zaka biya ba, sai ka kai ƙarshe a ɗora kuɗin hidima, kuma ko an maido ma kuɗin tikiti wa zai biya ka kuɗin jirgi da masauki da biza? Masu burin zuwa Ingila kallon Arsenal ko Manchester United su sani, a can laifi ne a doka mutum ya sake sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin kulob ba, kulob na iya soke tikitin, kuma yawanci sai kana da katin zama mamba kafin a sayar ma. In dole sai na hannu, ka nemi kasuwar sake sayarwa ta masu gasar da kansu. FIFA ta buɗe irinta don gasar duniya ta 2026, da yankar kashi 15 cikin ɗari daga mai saye da mai sayarwa, da tsada kam, amma tikitin na komawa akawun ɗinka da gaske.

Shi ƙanen abokin nawa dai mun zauna mun buɗe masa imel sabo don ya manta lambar sirrin tsohon, nace ya je banki ranar Litinin ya ji ko katinsa na biya, ya kuma ajiye layi biyu a wayarsa ranar sayarwa ko ɗaya zai ɗauke. Na gurup ɗin kuma har yanzu yana turo masa saƙo wai saura tikiti biyu.