Lynx ko w3m: wanne za ka ajiye a shago, wanne za ka riƙe wa kanka?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Rigasa ya yi tambaya daren jiya. Ya samu tsohuwar laptop mai RAM 2GB, ya ɗora mata Debian (wani nau'in Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows), amma Firefox na jan ƙafa, data kuma na zuba kamar ruwa a kwando. Yana son burawuza mai nuna rubutu zalla, an kuma ba shi sunaye biyu, Lynx da w3m. Wanne ya fi sauƙin saiti, wanne ya fi tsaro? Ya ƙara da cewa a shago kwamfutar take kwana, kuma yaran da ke koyon aiki a wurinsa suna taɓa ta. Wannan magana ta ƙarshe, ɗan'uwa, ita ce ta yanke mini hukunci, zan kuma dawo kanta.

Dukkansu tsofaffin hannu ne. An fara Lynx a Jami'ar Kansas ta Amurka a 1992, yanzu Thomas Dickey ne ke kula da shi. Shi kuwa w3m, Akinori Ito ne ya rubuta shi a Japan a 1995. Babu wanda ke gudanar da JavaScript a cikinsu, wato ƙananan shirye-shiryen da shafuka ke aikowa su yi aiki a cikin burawuzarka. Wannan kaɗai ya toshe babbar ƙofar da tallace-tallace da masu bibiyar sawu ke shigowa, amma kuma shi ne dalilin da ya sa mafi yawan shafukan banki da na rijistar jarrabawa ba za su yi maka aiki ba. Karatun labarai a BBC Hausa ko Aminiya, Wikipedia ta Hausa, bincike ta lite.duckduckgo.com, a nan suke cin kasuwarsu.

A wajen saiti, w3m ya fi saurin shiga kai. Ka danna o, shafi guda ya buɗe da duk zaɓuɓɓuka, ka canza abin da kake so, ka danna OK, shi ke nan ya rubuta a ~/.w3m/config. Fayil ɗin ma a sarari yake: sunan saiti, tazara, sai ƙimarsa, galibi 1 (a kunne) ko 0 (a kashe). In kana son gwada wani abu sau ɗaya ba tare da ka ajiye ba, sai ka haɗa -o da sunan saitin lokacin da za ka kunna shi, kuma w3m -show-option zai jero maka sunayen duka.

Lynx gida biyu gare shi, a nan kuma sababbin shiga ke ruɗewa. Akwai babban fayil na kwamfuta gaba ɗaya, /etc/lynx/lynx.cfg a Debian da Ubuntu, akwai kuma ~/.lynxrc na kowane mutum. Shi ma o ne ke buɗe zaɓuɓɓuka, amma in ba ka sa alama a akwatin ajiyewa da ke can saman shafin ba, da ka fita komai ya tafi. Wasu zaɓuɓɓukan ma za ka ga alamar motsin rai a gefensu, ma'ana ko ka sa alamar ba za a ajiye su ba, sai dai ka je lynx.cfg. Ni yadda nake yi, ba na taɓa babban fayil ɗin. Ina buɗe nawa ƙarami, layin farko INCLUDE:/etc/lynx/lynx.cfg, a ƙarƙashinsa in rubuta abin da nake son canzawa, sannan in nuna wa Lynx inda yake ta LYNX_CFG, saitin da Lynx ke dubawa don sanin fayil ɗin da zai karanta. Ranar da wani abu ya rikice, layi biyar ko shida kawai zan duba.

Kafin komai, mu masu karanta Hausa, ka gyara haruffa. In ka buɗe labari ka ga "ƙasa" ta koma alamar tambaya da "asa", ba laifin jaridar ba ne. A Lynx ka sa CHARACTER_SET:utf-8, a w3m kuma display_charset UTF-8, ka tabbata taminal ɗinka, wato tagar da kake buga umarni, ita ma a kan UTF-8 take. Nan take ɓ da ɗ da ƙ za su dawo da ƙugiyoyinsu.

Yanzu satifiket, wanda a wurina shi ne zuciyar tambayarka. Mutane da yawa suna ɗauka tunda burawuzar baƙin allo ce da farin rubutu, ai ba abin da zai same su. Ba haka ba ne. Duk shafin da ya fara da https yana miƙo satifiket da ke shaida cewa shi ne, ba wani ya sa rigarsa ba, kuma burawuzar da ta daina duba wannan shaida za ta miƙa kalmar sirrinka ga duk wanda ya tsaya a tsakiyar hanya. A w3m layin shi ne ssl_verify_server. Ka buɗe ~/.w3m/config da idonka ka ga 1 a gabansa. A Lynx sunansa FORCE_SSL_PROMPT, kuma yana da tarko. Ƙima uku yake karɓa: prompt, yes, no. Wanda bai karanta bayanin ba zai zaci yes na nufin ƙarin tsaro. Akasin haka ne. Yes na nufin Lynx ya amsa "na yarda" a madadinka duk lokacin da satifiket ya zo da matsala, ya wuce ko tari bai yi ba. No na nufin ya faɗa maka matsalar ya ƙi shiga. Prompt kuwa tambayarka zai yi.

Na ga wannan da idona a wani shagon buga takardu a Tudun Wada. Mai shagon ya kira ni yana cewa kowane shafi ya buɗe sai ƙorafin satifiket, har wani ya ba shi shawarar ya sa yes ya huta, ya kuma sa. Da na zauna, na buga date kawai, umarnin da ke nuna kwanan wata da lokacin kwamfuta. Kwamfutar tana zaune a wata shekara da ta daɗe da wucewa. Ƙaramin batirin da ke kan allon uwa, mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, shi ma babban batirin ya daɗe da gamawa, don haka duk lokacin da NEPA suka ɗauke wuta agogon sai ya koma baya. A idon Lynx, duk satifiket ɗin duniya lokacinsu bai yi ba tukuna. Muka sayo batiri, muka gyara agogo, muka sabunta ca-certificates (kundin shaidun da kwamfuta ke tantance satifiket da su), muka cire yes ɗin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne makonnin da ya yi yana shiga imel ɗinsa a haka. Tsohuwar laptop ce a hannunka, ɗan'uwa, don haka ranar da ka ga irin wannan ƙorafi, agogo za ka fara dubawa. Kuma a kwamfutar da yara ke taɓawa, no za ka sa, domin yaro in an tambaye shi Y ko N, Y zai danna ya wuce.

Batun kukis, wato 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a kwamfutarka don ya gane ka, halin burawuzojin biyu ya bambanta. Lynx mai yawan tambaya ne: kowane shafi ya miƙo kuki sai ya tsayar da kai, Y na yarda, N na ƙi, A na yarda kullum, V na ƙi har abada. Kwana biyu za ka gaji ka je ka sa ACCEPT_ALL_COOKIES:TRUE. In har za ka yi haka, to ka haɗa da PERSISTENT_COOKIES:FALSE, yadda da an rufe Lynx kukis ɗin sun mutu, wanda ya zauna bayanka ba zai tarar da asusunka a buɗe ba. In karatu kawai ake yi, SET_COOKIES:FALSE ya wadatar. Shi w3m ba ya tsayar da kai. Abin da use_cookie da accept_cookie suka ce shi yake bi, ya tara su a ~/.w3m/cookie, tarihin inda ka je kuma a ~/.w3m/history sai in ka mai da save_hist 0. Shirun nan daɗi ne ga mai kwamfutarsa shi kaɗai, amma a shago yana barin sawu. A dukkansu Ctrl da K na nuna maka kukis ɗin da ke ajiye.

Hana shafi sanin daga inda ka fito layi ɗaya ne a kowanne: NO_REFERER_HEADER:TRUE a Lynx, no_referer 1 a w3m.

Inda w3m ya yi wa Lynx fintinkau shi ne tsarin shafi. Yana zana tebur yadda ya kamata, yana buɗe shafuka da yawa gefe da gefe da T, har hoto yana nunawa in ka ɗora w3m-img. Teburin gasar ƙwallo ko jerin farashi a Lynx sai ka yi ta lalube, a w3m kuwa kallo ɗaya. Sai dai hoton nan shi ne datar da ka gudo dominta, kuma kowane hoto da aka ɗauko sanarwa ce ga sabar (kwamfutar shafin) da ta aiko shi cewa ka buɗe shafin. Ka sa auto_image 0. Lynx ba ya ɗauko hoto sai ka nema da kanka.

Shafin bogi kuwa ba ruwansa da kalar allonka. Saƙon "an toshe asusunka, danna nan" yana aiki a rubutu zalla kamar yadda yake aiki a waya. A Lynx ka canza yanayin mai amfani zuwa Advanced, adireshin duk mahaɗin da ka tsaya a kansa zai riƙa fitowa a layin ƙasa. A w3m ƙaramin u ke nuna shi. Ka koya wa yaran karanta wannan layi kafin su danna Enter. Kada kuma a saba rubuta kalmar sirri a cikin adireshi. A 2021 an gano cewa Lynx har zuwa 2.8.9 yana iya fitar da irin wannan kalmar a fili ko da shafin https ne. An gyara, kamar yadda aka gyara tarin kurakuran da aka tono a w3m a 2016, amma gyaran ba ya zuwa da ƙafarsa sai ka yi apt update da apt upgrade, umarnin sabunta manhajoji a Debian.

To, mu koma shagon. A duka biyun, danna ! yana kai mutum ga layin umarni, kuma duka suna iya buɗe fayilolin da ke cikin kwamfutar. Bambancin shi ne Lynx ya taso ne a zamanin da ɗalibai da yawa ke shiga na'ura ɗaya, don haka da makullansa ya zo. In ka kunna shi da -restrictions=shell,suspend,file_url,editor,disk_save ka hana fita zuwa layin umarni, ka hana leƙa fayilolinka, ka hana ajiye abu a faifai. Akwai ma -anonymous da ke rufe ƙofofi da yawa a lokaci guda. A w3m iyakarka ka cire maɓallan a ~/.w3m/keymap, kuma yaro mai wayo zai mayar da su cikin minti biyu.

Don haka ga abin da zan yi in ni ne kai. Ka buɗe wa yaran asusu nasu daban wanda ba shi da sudo, wato ikon shugaban kwamfuta, domin makullin Lynx ba ya hana kowa komai bayan an fita daga Lynx ɗin. A can ka ba su Lynx da waɗannan makullai, FORCE_SSL_PROMPT a kan no, kukis masu mutuwa da an rufe, fayil ɗin saitin kuma ya zama mallakar root, asusun shugaban kwamfuta, yadda ba za su iya gyara shi ba. A naka asusun ka ɗora w3m don karatun dare bayan an tashi daga kasuwa. Dukkansu biyun ba su kai nauyin bidiyo ɗaya na WhatsApp ba wajen saukewa. In ka gama, ka turo mana abin da date ya nuna da layin ssl_verify_server na fayil ɗinka, mu duba tare.