Fast Five da Widows: wanne ne ke ɗauke da siyasa?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya ko tara baƙaƙe da farare da mata a fim ɗin fashi alama ce ta wata siyasa da ake son cusa mana. Shekaranjiya a fadarmu ta Zango mun yi wannan gardama har shayi na uku ya huce a kofi. Ni dai abin da nake dubawa shi ne kuɗin wa aka sace, kuma yaya mai kuɗin ya tara su. Ga fim biyu.

Fast Five na 2011, wanda Justin Lin ya ba da umarni, ya tara mutane kala-kala: Vin Diesel, Paul Walker, Tyrese Gibson, Sung Kang, Gal Gadot, ga Dwayne Johnson yana farautarsu. A Rio ta Brazil suka ɗaure akwatin ƙarfe mai miliyan 100 na dalar Amurka (ba dalarmu ta sefa ba) a bayan motoci biyu, suka ja shi a titi. Akwai inda uban dabar garin ke cewa yana ba talakawa wuta da ruwa don ya mallake su. Maganar tana da nauyi, amma fim ɗin bai tsaya kanta ba, sai aka koma tsere. Unguwannin talakawan Rio kuwa rufin gidajensu kawai aka ara don guje-guje, aka raba kuɗi, kowa ya kama gabansa.

Widows na 2018 daban ne, kuma shi ya taɓa mini zuciya. Steve McQueen, baƙar fata ɗan Ingila, ya yi shi a Chikago. Ɓarayi sun mutu a wajen fashi, aka bar matar shugabansu, wadda Viola Davis ta fito a matsayinta, da bashin miliyan 2. Mai bin bashin ɗan daba ne baƙar fata da ke takarar kansila, abokin karawarsa kuma Bature ne da ke son gadon kujerar ubansa. Miliyan 5 da ita da wasu matan ɓarayin suka je ɗauka don biyan bashin a gidan Baturen suke, kuɗin cuwa-cuwar kwangila. Ɗan matar ma ƴan sanda ne suka harbe shi a mota. To ka ga nan launin fata yana cikin ƙashin labarin, in ka cire shi labarin ya rushe. Kuma fim ɗin bai wanke kowa ba: yaran baƙin ɗan takara na kisa, farin na sata, har limamin coci yana auna wanda zai mara wa baya da jama'arsa.

Akwai wuri ɗaya da nake so ka kalla da natsuwa. Farin ɗan takarar ya gama jawabi a fili cikin unguwar talakawa, ya shiga mota. Kyamara tana waje, ba ka ganin fuskarsa, muryarsa kawai kake ji yana ƙorafi, gidaje suna canzawa a gefen hanya, cikin ƴan mintoci sai ga katafaren gidansa. Wallahi sai da na tuna yadda kabu-kabu ke ɗauko mutum daga Kara-Kara, unguwar talakawa a Zinder, ya sauke shi gaban gida mai bene kafin ya gama amsa waya.

In wasan mota kake so, na farkon ya isa. In amsar tambayarka kake nema, ka nemi na biyun, amma ka bari yara su kwanta tukuna, don akwai jini da abin da bai dace su gani ba.