Masu taswirar nan na Marwa sun yi mana aiki, amma sai an ja su zuwa daji

Jama'a duk garin da ke shirin tare mayo, wato rafin da ke gudu da damina, don ajiye ruwan rani, kafin ku sayi buhun siminti ko ɗaya ku fara neman yaran nan masu aikin taswira a Marwa, arewacin Kamaru. Ƙungiyar garinmu ta wajen Meri ta ba su aiki kuma wallahi kuɗinmu bai tafi a banza ba.

QGIS suke amfani da shi, manhaja ce ta kyauta, su ɗora mata bayanan tudu da gangare na SRTM, wato awon ƙasa daga sararin samaniya wanda hukumar NASA ta Amurka ta ɗauka tun 2000, sai kwamfuta ta zana duk hanyar da ruwa ke bi daga kan dutse har cikin mayo, ta kuma lissafa faɗin ƙasar da ke juye ruwa a kowane wuri. Abin da suke nema shi ne inda mayo ya matse tsakanin duwatsu, bayansa kuma akwai kwari mai zurfi, don bango ya zama gajere ruwa kuma ya yi zurfi, tunda ruwa mai faɗi mara zurfi ranar Maris da Afrilu shanye shi take yi kafin dabbobi su more. Wurin da muka daɗe da sa wa ido sun nuna mana ƙasar da ke zuba masa ruwa ta yi wa ɗan barajinmu, wato madatsar ruwanmu, yawa, ambaliyar Agusta ɗaya za ta kwashe bangon, ai ba babban baraji irin na Maga ko Lagdo muke ginawa ba. Suka kai mu can sama kaɗan.

To ga inda raina ya ɓaci. Da farko so suka yi su miƙa mana takarda kawai daga ofis, alhali kowane ɗigo a bayanan nan fili ne mai faɗin kusan mita 30, mayonmu kuwa a wasu wuraren bai kai haka faɗi ba, yaya na'ura za ta gan shi daidai? Sai da muka dage muka ƙara kuɗin moto suka zo da abin awo, aka haƙa ramuka don a ga ko dutse na kusa ko yashi ne zalla wanda ruwa zai zurare ta ƙasa. Kuma taswira ba ta san gonar wane ruwa zai ci ba, ba ta san makabarta ba, wannan jauro, wato mai gari, da dattawa ne suka warware.

Rahoton ma da Faransanci ne gaba ɗaya, amma ɗayansu, Allah ya saka masa, ya zauna ya yi wa mutane bayani da Fulatanci har mata suka yi tambaya kan nisan wurin da gida.

In za ku ba su aiki ku sa zuwa wurin cikin yarjejeniya tun farko, ku kuma tambaye su maganar yashin da zai riƙa cika barajin duk damina, don mu sai da muka tambaya suka yi mana lissafinsa.