Sharhi kan gyaran AC ɗin motata a Kaduna: mai geji da sikeli daban, mai “kawo in ƙara maka gas” daban

Duk mai mota a garin nan ya san abin da watan Maris da Afrilu ke yi wa mutum in AC ta ƙi, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ta kaya tsakanina da wani mai gyaran AC da ya yi min aiki a Corolla ta, ƙirar 2006, irin Beljiyom ɗin nan da ta cika gari. Garejin nasa ta wajen Panteka yake, ba zan kama suna ba don ba talla aka biya ni ba, kuma akwai wuraren da zan soke shi. Aikin dai ya yi gsky, amma abin da ya fi burge ni ba sanyin ba ne, yadda ya bi ya gano ciwon ne.

Matsalar motar ita ce in na hau hanyar Zariya ko baifas ina gudu sanyi lafiya lau har yara na cewa a rage, amma da na shiga gosulon Kawo ko Ahmadu Bello Way wajen kasuwa shikenan sai iska mai ɗumi-ɗumi, ka sauke gilas ƙura, ka ɗaga zufa. Kafin nan wani na bakin titi ya taɓa duba min, ko geji mai kai biyu na auna matsin gas bai ɗauko ba, bututu kawai ya dafa da hannu ya ce Alhaji gas ɗinka ne ya yi ƙasa, ya ɗura. Abin sai ya ƙara lalacewa, kwamfiresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin AC, ta riƙa kamawa tana saki, kas kas, injin kuma ka ji yana nishi in ta kama.

Shi wannan na Panteka tambaya ya fara yi kafin ya taɓa komai. “Alhaji, a tsaye take ƙin sanyi ko har a guje?” Na ce a tsaye. Ya ce an taɓa ƙara mata gas kwanan nan? Na ce eh. Ya yi ɗan murmushi ya ce wa yaronsa ɗauko geji. Gejin nan mai agogo biyu ne, shuɗi na ɓangaren ƙaramin matsi wato bututu mai kauri da ke yin sanyi, ja na ɓangaren babban matsi wato siririn da ke yin zafi, sai tiyo ruwan ɗorawa a tsakiya na ɗura gas ko zuƙe iska. Mota a kashe agogon biyu duk suka tsaya wuri ɗaya, ɗari da ɗan wani abu a ma'aunin psi, ni har na ce toh ai ga gas nan a cike. Ya ce a'a Alhaji, wannan karatun ba ya nuna yawan gas, muddin akwai sauran ruwan gas a ciki ko kaɗan ne, allurar zafin gari take bi ba yawa ba, motar da ke da rabi da wadda ke cike duk abu ɗaya za su nuna maka a kashe. Wlh wannan maganar kaɗai ta isa mutum ya gane masu duba mota a kashe su ce gas ya ishe ka ko bai ishe ka ba cinta kawai suke.

Da aka tada mota aka ƙure AC, shuɗin ya tsaya wajen 55, jan kuwa ya riƙa hawa har ya haura 350, sai suwic ɗin kariya ya yanke kwamfiresa, matsi ya sauko, ta sake kamawa, kas kas ɗin da nake ji kenan. A cewarsa a irin zafinmu motar da ke lafiya shuɗi kan zauna tsakanin 30 da 45, ja kuma 200 zuwa 250, in rana ta take sosai ya ɗan fi haka. Sai ya ɗebo ruwa a buta ya watsa wa kondensa, wato abin nan mai kama da lagireto a gaban mota da ke fitar da zafin gas, ina kallo da idona jan allurar ta gangaro wajen 200 kuma nan take iskar ciki ta yi sanyi. Ya ce kin ga ciwon nan, da motar yake magana fa ba ni ba, haka yake yi. Ma'ana kondensa ba ta fitar da zafi, a guje iskar hanya na yi mata aikin, a tsaye kuma sai fanka, fankar ko tana juyawa amma ba ƙarfi, ka sa hannu a bayanta da ƙyar ka ji iska. Da suka kwance suka leƙa tsakanin kondensa da lagireto abin ba kyan gani, ƙurar hunturu ta daskare, ga leda ga matattun ƙwari. A kan wannan aka zo aka ƙara mata gas fiye da kima.

Yana aiki yana koya wa yaransa ni ma na tsinci abin da na tsinta. In allurai biyun duk sun yi ƙasa gas ne ya ragu, kuma in ya ragu to akwai inda yake zuba, don gas ɗin AC ba fetur ba ne da mota ke sha, zagayawa kawai yake a rufe. In duk sun yi sama kamar tawa, ko an cika gas, ko iska ta shiga, ko kondensa da fanka. Wanda ya fi tsada shi ne ka ga shuɗi ya hau ja ya faɗo sun kusa haɗuwa alhali kwamfiresa na juyawa, nan ita ce ta gaji ba ta matsawa. Akwai kuma wanda shuɗin zai nitse har ƙasa da sifili, toshewa kenan a bawul ɗin da ke fesa gas cikin ebaporeta, wato abin da ke sanyaya iska a bayan dashbod, in kuma ta yi sanyi ta ɗauke, ka kashe ka jima ta dawo, yawanci laima ce a ciki take ƙanƙara ta toshe bawul ɗin sannan ta narke. Nan na gane me ya sa wasu ke canja kwamfiresa sukutum alhali ciwon na fanka ne.

Yoyo ma ya samu, ɗan kaɗan. Inda mai ya jiƙe ƙura ta manne a mahaɗar bututu ya fara dubawa, sbd man kwamfiresa tare da gas yake fita, sannan ya cika layin da nitirojin ya bi da ruwan omo yana neman kumfa. Wata 'yar robar oring ce ta bushe, sai bawul ɗin bakin ɗura gas, irin na taya, shi ma yana huci. Ya ce in gode Allah ba ebaporeta ba ce, don ita sai an sauke dashbod gaba ɗaya. Aka canja su, aka canja diraya, wato abin da ke tsotse laima a cikin layin gas, tunda an buɗe layi, fanka kuma ni da yaronsa muka je Oriapata muka samo ta Beljiyom, aka gwada ta da batir a gabana kafin na biya.

Inda ya bambanta da saura sosai shi ne wajen mayar da gas. Ya jona injin bakum ya bar shi yana zuƙe iska da laima daga layin sama da minti 30, ya rufe ya jira ya ga ko allura za ta motsa, ba ta motsa ba. Dalili man PAG da ke cikin waɗannan kwamfiresoshin yana jan laima, laimar kuma ta zama asid ta ci ƙarfe ta ciki. Daga nan ya nuna min sitika a ƙarƙashin bonet, shekara da shekaru ina buɗe bonet ɗin nan ashe an rubuta nau'in gas da nauyinsa, R134a, kusan rabin kilo, ya ɗora silinda kan sikeli ya ɗura daidai abin da aka rubuta ya rufe. Na ce Malam ɗan ƙara mana ko ta fi sanyi, ya ce Alhaji ƙarin nan ne ya kawo ka.

Maganar gas kam a yi hattara. Tsofaffin motoci na kafin tsakiyar shekarun 1990 da R12 suka zo, wanda aka daina yi bayan yarjejeniyar kare muhalli ta ƙasashen duniya da aka yi a Montreal a 1987, yawancin na hannunmu R134a ne, sababbi kuma da yawa R1234yf, bakin ɗurawarsu ma ba iri ɗaya ba ne. Amma akwai masu ɗura na firij R600a don ya fi araha, kuma shi wuta yake kamawa, ko R22 na AC ɗin gida da matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota. Kai dai ka ce a nuna maka silinda ka karanta da kanka.

Ya kuma ciro filtar da ke bayan ɗan akwatin gaban kujerar mai zaman banza, baƙi ƙirin, ita ma tana rage ƙarfin iska. Da aka gama ya soka ma'aunin zafi a bakin iska, mota a tsaye cikin rana ya sauko wajen digiri 8 na Salshiyas, da farko ko 20 bai sauka ba.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba. Ba shi da injin kwashe tsohon gas, sakinsa ya yi a iska fuuu, kuma wannan ba daidai ba ne. Wurin zama babu, benci ɗaya ne a rana, na wuni cur tun hantsi har bayan la'asar don motoci uku yake taɓawa lokaci guda. Yaransa sun bar min baƙin mai a sitiyari da kujera. Rasit babu, garantin baki ne kawai, in ta ba ka matsala dawo da ita Alhaji. Waya ma sai ka yi ta kira bai ɗaga ba. Kuɗin aikinsa kuma ya ninka na masu bakin titi, bai da ragi ko sisi, har na so in yi fushi, amma da na tuna wani ya riga ya ce min sai dai kwamfiresa sabuwa sai na yi shiru na tura masa.

In da maki zan ba shi, huɗu cikin biyar. Mai sauri kar ma ya je, wanda zai je kuma ya yi sammako. Ya dai gaya min kulocin kwamfiresar ya fara cinyewa, tazararsa ta buɗe, wata rana in ta yi zafi za ta ƙi kamawa, ya ce ba sai an canja duka ba 'yar washa ta ciki zai rage, wannan na bar shi sai albashi ya shigo.