Ruwan bakteriya ko bekin soda: me za ka saya don rage ragowar maganin feshi?

Duk mai lambun mangwaro ko kankana ya san maganin feshi ba ya ɓacewa ranar da aka fesa shi. Wani ya maƙale a ɓawo, wani ya nutse ciki. Abin kuma yana taɓa aljihu, don a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda ragowar dichlorvos, sinadarin da ke cikin Sniper. Shi ya sa ake tallata kwalaben "bakteriya masu amfani" da aka ce suna cinye guba. Kafin ka zaro kuɗi, mu ɗan auna su.

Batun bakteriyar gaskiya ne. Tun 1973 masu bincike a Filifins suka gano wata ƙwaya mai suna Flavobacterium a gonar shinkafa tana farfasa maganin ƙwari mai suna diazinon. Irin waɗannan ƙwayoyi na fitar da wani sinadari da ke tsinka maganin ya rage masa dafi. A Ostireliya ma hukumar bincike ta CSIRO ta ɗauko irin wannan sinadari daga bakteriyar ƙasa, aka yi wani haɗi mai suna Landguard don tsaftace ruwan da maganin ƙwari ya gurɓata da shi. To amma ka lura inda suka yi tasiri: cikin ƙasa mai danshi da cikin ruwa. Bayan mangwaro a zafin watan Afrilu wani wuri ne daban, rana da bushewa kan kashe ƙwayoyin kafin su kama aiki. Kuma kowace ƙwaya da abincinta. Wadda ke cin diazinon ba lallai ta taɓa wani maganin irin cypermethrin ba.

Saboda haka idan mai shago ya miƙo maka kwalba, juya ta ka karanta. Akwai sunan ƙwayar? An rubuta maganin da take farfasawa, da kwanakin da take ɗauka? Akwai lambar NAFDAC da ranar lalacewa? Abu ne mai rai, wanda ya yi wata uku a kanta rana na dukansa, ruwa kawai ka saya. Wasu ma sukan miƙo wata bakteriyar da ake kira Bt, alhali shi tsutsa yake kashewa, ba ruwansa da wanke ragowar magani. A ganina, kwalbar bakteriya ta fi dacewa da ramin da kake zuba ruwan wanke tankin feshi.

Ga kayan da aka riga aka tsinko, bekin soda ya fi ba ni natsuwa. A 2017 Jami'ar Massachusetts ta Amurka ta gwada shi a kan tuffa: giram 10 a litar ruwa, kusan ƙaramin cokali biyu, aka jiƙa minti 12 zuwa 15. Ya cire ragowar magunguna biyu daga saman ɓawo fiye da ruwan famfo da ruwan bilic. Wanda ya riga ya nutse ciki kuwa bai fita ba, sai dai a fere. Kada ka musanya shi da kanwa, ba ita aka gwada ba. Sabulun wanki kuma ba na abinci ba ne.

Zaɓin da ba ya cin ko sisi shi ne jira. A jikin kowace robar magani ta ƙwarai an rubuta kwanakin da za a bari tsakanin feshi na ƙarshe da tsinka. Nan ne ake yawan cin amana, a fesa yau, gobe mota ta ɗauka zuwa kasuwar 'Yan Lemo saboda farashi ya tashi. Dillali mai sayen lambu sukutum, ya tambayi mai gona yaushe ya yi feshin ƙarshe, ya nemi ganin robar.

Mai saye a tire kuma, ko kankana ce a wanke bayanta kafin a yanka, domin wuƙa na jan abin da ke kan ɓawo zuwa cikin jan.