Sharhi: TP-Link EAP225 a gidan bene mai wayar intanet a bango

Gidajen bene da yawa a Agege da Idi-Araba a Legas matsalarsu ɗaya ce. Rawutar kamfanin intanet tana falon ƙasa, an ja waya zuwa ɗakuna, amma da ka hau sama waifai ya mutu. Kankare da rodin da ke tsakanin ƙasa da sama ne ke shanye siginar, musamman ta 5GHz. Na gwada EAP225, na'urar da ke karɓar intanet ta waya tana watsa waifai, a irin wannan gida, kuma hukuncina shi ne: in akwai waya a bango, wannan ta fi na'urar ƙara zango nesa ba kusa ba, domin ita waccan ta iska take karɓa ta iska take bayarwa, saurin ya ragu kusan rabi.

Na'urar faifai ce fara da ake kafawa a silin. Ramin waya ɗaya gare ta, na gigabit, kuma ta nan wuta da intanet suke shiga tare, abin da masu aikin ke kira PoE. A takarda tana ba da 450Mbps a 2.4GHz da 867Mbps a 5GHz. A zahiri ba za ka ga wannan adadi a wayarka ba, sai dai ya ishi abin da yawancin gidaje ke saye.

Haɗawa ba wuya. Waya daga ramin LAN na rawuta zuwa ramin LAN na ɗan akwatin da ke ba faifan wuta, wata kuma daga ramin POE na akwatin zuwa faifan. A kula da wannan akwati: irin mai bolt 24 tura wuta yake ba tare da tambayar abin da ke ɗaya bakin ba, don haka kada a kuskura a soka wayarsa a laftof. Saiti kuwa ta manhajar Omada ko adireshin tplinkeap.net, a fara da canza kalmar sirrin shiga. Rawuta ce za ta ci gaba da raba adireshin IP. Wanda ya sa tsohuwar rawuta a madadin faifan bai kashe DHCP ɗinta, wato mai raba adireshin, ba, zai ga firinta da talabijin sun daina ganin juna.

Inda aka fi shan wahala ita ce wayar kanta. A Computer Village na Ikeja akwai wayar intanet Cat6 ta jan ƙarfe zalla, akwai mai araha wadda alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, ana rubuta mata CCA, wani lokaci ma ba a rubutawa. Kankare sili ɗaya na cikin wayar da wuƙa. In fari ya bayyana, bar ta. Tana zubar da wuta a hanya, faifan ya riƙa mutuwa yana tashi, kuma tana karyewa a cikin kan RJ45 da ake sa wa bakin wayar. Gigabit na buƙatar duka sili 8 na cikin wayar. Ɗaya ya kuskure, haɗin yakan faɗo 100Mbps kana zargin kamfanin intanet a banza. Tsawo kada ya wuce mita 100.

A ba na'urar suna da kalmar sirrin waifai iri ɗaya da na rawutar ƙasa, amma tasha daban: rawuta a 1, faifai a 6 ko 11, faɗi 20MHz, don maƙwabta a Legas sun cika 2.4GHz maƙil. In wayar hannu ta nace wa siginar ƙasa alhali kana sama, rage ƙarfin 2.4GHz zuwa matsakaici.

Cin wutarta bai kai wat 15 ba, sai a ɗora ta kan inbata ko ƙaramin UPS tare da rawuta, in ba haka ba duk sauyi daga NEPA zuwa janareto sai an jira ta farfaɗo. Gazawarta biyu: ba ta da Wi-Fi 6, kuma ba ramin da za ka ja wa talabijin waya. Mai bukatar haka ya sa ƙaramin suwic, na'urar raba wayar intanet, mai rami 5 kafin akwatin wutar.